Minti nawa za a ba babban fim a ƙasar zafi da farar riga?

Takardar da kamfanin Ilford ya fitar kan fim ɗinsa HP5 Plus ta ce idan za a wanke shi da maganin ID-11 da aka sirka rabi magani rabi ruwa, a ba shi minti 13. Lambar ba ta ƙarya ba ce, an gwada ta. Sai dai tana tafe da sharuɗɗan da mai gaggawa ba ya tsayawa karantawa: maganin ya kasance a digiri 20, fim ɗin yana cikin tanki ana juya shi jefi-jefi, abin da aka ɗauka haskensa matsakaici ne, takardar da za a buga hoton a kanta ita ma matsakaiciya. A Garwa ta arewacin Kamaru cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ruwan da ya wuni a tankin saman rufi ba ya ko kusa da 20. Dattijon da ya zauna gabanka cikin farar shadda, fuskarsa a ƙarƙashin rawani, shi ma haskensa ya yi nisa da matsakaici. Wanda ya ce maka shinkafa na nuna a minti ashirin bai faɗa maka irin wutar murhunsa ba.

Masu aiki da babbar kyamara, mai zuga-zugi da baƙin mayafi, suna da wata dama da mai ƙaramin fim na naɗi ba shi da ita. Fim ɗinsu falle-falle ne: 4x5 ko 8x10 a ma'aunin inci, 9x12 ko 13x18 a ma'aunin santimita da aka fi sabawa da shi a ɓangarenmu na masu Faransanci. A naɗi ɗaya hotuna 36 ne ke shan wanki iri guda, na rana da na inuwa, kowa ya yi haƙuri da rabonsa. A babban fim kuwa kowane falle ana iya ba shi lokacinsa. Ra'ayina shi ne, duk wanda ya kashe sefa ya sayo wannan fim daga waje, ya sha wahalar ɗaukar kyamarar da ƙafafunta, sannan ya zuba dukkan fallayensa a wanki ɗaya da lambar da ya gani a intanet, ya yar da babban abin da ya biya kuɗi dominsa.

Don a gane me lokaci yake yi, sai an san me ke faruwa cikin farantin da ake wanke fim. Fuskar fim jelatin ce da aka cakuɗa da ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa. Inda haske ya taɓa, ƙwayar na samun tabon da ido ba ya gani, maganin wanki ne ke mai da ita baƙar azurfa. Wuraren inuwa hasken da suka samu kaɗan ne, ƙwayoyin da aka taɓa ba su da yawa, saboda haka tun wanki bai yi nisa ba sun kusa gama abin da za su yi. Wuraren da haske ya yi yawa, irin su farar riga da sararin sama da bango mai farar ƙasa, suna ci gaba da yin kauri muddin fim na cikin magani. Wasu masana biyu a Ingila, Ferdinand Hurter da Vero Driffield, su suka auna wannan suka wallafa a 1890, kuma har gobe a kan aikinsu ake tafiya. Ma'anarsa ga mai hoto ita ce: abin da zai fito a inuwa an yanke shi tun lokacin da ka buɗe ido na kyamara, ƙarin mintuna a ɗakin duhu ba ya ƙirƙiro abin da haske bai rubuta ba. Abin da lokacin wanki ke juyawa shi ne tazarar da ke tsakanin baƙi da fari a dodon hoto, wato fim ɗin da aka wanke wanda daga shi ake buga hoto a takarda. Ka tsawaita, tazarar ta buɗe. Ka gajarta, ta tsuke.

Ansel Adams da Fred Archer, a birnin Los Angeles na Amurka wajen 1940, suka mai da wannan ilimi tsani mai hawa-hawa, kowane hawa haskensa ninkin na ƙasa da shi. Hawa na 5 shi ne toka-tokan da kowane ma'aunin haske ke ɗauka ya gani. Hawa na 3 shi ne duhun da har yanzu ake ganin abin da ke cikinsa. Hawa na 8 shi ne farin da bai rasa zarensa ba. Ka auna inuwar da kake so ta fito, ka ajiye ta a hawa na 3, sannan ka auna farin da kake so ya tsira, ka ga inda ya faɗa. In ya faɗa a 8, wanki na daidai, wanda ake rubutawa N. In ya haura zuwa 9, sai a rage lokaci don a jawo shi ƙasa, shi ne N-1. In ya tsaya a 7, a ƙara, N+1. Wannan lissafin a wurin ɗauka ake yin sa, a rubuta a jikin gidan fim ɗin nan take, domin a cikin duhu duk fallaye kamarsu ɗaya.

Inda abin ya fi shafarmu shi ne fuska da riga. Baƙar fata, gwargwadon mutum, tana zama da kyau a hawa na 4 zuwa na 5. Farar shadda a haske ɗaya da fuskar takan ɗara ta da wajen hawa uku, wato ta faɗa 7 ko 8, babu matsala. Amma ranar Sallah a filin idi, ko ranar hawa a ƙofar fadar Lamiɗo, ba haske ɗaya ba ne: rawani ko hula sun yi wa fuska inuwa, rana kuma tana dukan kafaɗa da ƙirji kai tsaye. Nan take rigar ta haura 9, ta taɓa 10. Abin da mutane da yawa ke yi shi ne su tsorata da farin, su rage hasken da suke ba fim, fuskar ta nutse. Su koma ɗakin duhu su ƙara lokaci don ceto fuskar, ita ba ta dawo ba, rigar kuma ta toshe, aska takwas ɗin da maɗinki ya kwashe watanni yana yi da hannu ya zama farin fili. An yi ba wan ba ƙanin. Hanyar da ta dace kishiyar wannan ce: a ƙoshi fuskar da haske, a ƙwace rigar ta hanyar rage lokaci. A mafi yawan fina-finan gargajiya irin su HP5 Plus da FP4 Plus da Tri-X, rage kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari wuri ne mai kyau na farawa don N-1. Da yake gajeren wanki yana ɗan rage wa inuwa ƙarfi, sai a ƙara wa fim ɗin kamar sulusin hawa tun wurin ɗauka.

Amma rage lokaci yana da farashi, kuma fuskar ce ke biya. Tazarar ba a sama kaɗai take tsukewa ba, tana tsukewa har a tsakiya, inda ƙyallin goshi da lanƙwasar kunci da tsagen gado suke. Baƙar fata kyanta a hoto yana cikin wannan ƙyalli. In ka matsa zuwa N-2 za ka tsirar da rigar, ka sami fuska shafaffiya kamar an bi ta da toka. Shi ya sa nake ganin N-1 ce iyakar da ya kamata a yi wa hoton mutum, in haske ya wuce nan a gyara hasken, kada a ɗora wa magani. A ce, “Baba, a daure a matso ƙarƙashin dalbejiyar nan,” a sa yaro ya riƙe farin zane daga gefe ya mayar da haske kan fuska. Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a 1948, da fim 13x18 ya yi yawancin aikinsa, a tsakar gida da hasken rana, yana ɗora dodon kai tsaye kan takarda ya buga. Duk wanda ya dubi yadda fata da atamfa da farin yadi suka zauna tare a hotunansa zai ga cewa tun wurin zaɓen haske aka gama rabin aikin.

Zaure wani babi ne. Ka tsaya cikin zauren fada irin na Ngaundere, ginshiƙan ƙasa a duhu, ƙofa kuma ta buɗe kan rana, tazarar na iya wuce hawa goma. Ga shi kuma dole ka bar idon kyamara a buɗe na daƙiƙoƙi, fim kuwa idan haske ya yi rauni ba ya lissafi daidai. Ma'auni ya ce daƙiƙa 10, HP5 Plus na son kusan 20, Tri-X na son 50, Fomapan 100 na ƙasar Cek na son 80. Da yake inuwa ta fi wuraren haske shan wannan asara, tazarar na ƙara buɗewa da kanta, shi ya sa Kodak ta ce a rage wa Tri-X kashi 20 cikin ɗari na lokacin wanki a irin wannan ɗauka, in ma'auni ya kai daƙiƙa 100 a rage kashi 30. Wannan ragin daban yake da na N-1, ana haɗa su ne.

Hunturu kuma yana juya komai. Daga Disamba zuwa Fabrairu, idan hazo ya sauka, ka auna duwatsun Rumsiki ko kwale-kwalen masunta a kogin Binuwai, za ka tarar daga mafi duhu zuwa mafi haske bai fi hawa huɗu ba. Nan ake ƙara lokaci, kamar kashi 25 zuwa 35 cikin ɗari don N+1. Fina-finai irin su T-Max sun fi saurin amsawa, ƙarinsu ba ya kai haka. Ni dai ba na goyon bayan a miƙa shi har N+2 don kawai a cike tsanin. Hazo wani ɓangare ne na kamannin ƙasarmu a wannan lokaci, hoton da ya goge shi ya faɗi abin da ba a gani ba ranar.

Yanzu zafin ruwa, wanda shi ne ainihin abin da ya raba mu da masu rubuta takardun. Ƙa'idar Ilford ita ce duk digiri ɗaya da ya ƙaru a rage wajen kashi 10 cikin ɗari na lokaci: abin da ke son minti 4 a digiri 20 zai so 3 a digiri 23, ya so 6 a digiri 16. A bi wannan lissafi da HP5 Plus a ID-11 marar sirki, wanda lokacinsa minti 7 da rabi ne. A digiri 24 ya koma wajen 5. In a faranti ake wankin ana motsawa ba tsayawa, kamfanin ya ce a ƙara rage har kashi 15, ya koma 4 da 'yan kai. Rigar Baba na son N-1, ya koma 3 da rabi. To Kodak ta daɗe tana gargaɗi cewa wankin da bai kai minti 5 ba yana iya fitowa ba daidai ba, kuma babban falle ya fi kowa nuna wannan: sararin sama ya yi gizo-gizo, gefe ya fi tsakiya kauri. Ga kuma kuskuren daƙiƙa 15 wajen zubawa ko cirewa, wanda a minti 12 ba a jin sa, a minti 3 kuwa ya isa ya canza hoton.

Mafita ba a agogo take ba, a sirki take. ID-11 ɗin nan in aka yi shi kashi ɗaya magani kashi uku ruwa, lokacinsa a digiri 20 minti 20 ne. A digiri 24 wajen 13, a faranti wajen 11, N-1 wajen 9. Ka ga an sami fili na ragewa da ƙarawa ba tare da an faɗa ƙasa da minti 5 ba. Haka ake yi da magungunan wanki HC-110 da Rodinal, waɗanda ruwa-ruwa suke zuwa a kwalba kuma suna jure ajiya, abin da ke da muhimmanci ga wanda saƙonsa ke daɗewa a hanya kafin ya iso Marwa ko Kusiri. Rodinal tun 1891 ake sayar da shi. A sirkin 1+25, wato kashi ɗaya magani kashi 25 ruwa, yana wanke HP5 Plus a minti 6, a 1+50 minti 11, na biyun ne namu. Sharaɗi guda: tsinkakken magani yana gajiya. Fallaye huɗu na 4x5 faɗinsu daidai da falle ɗaya na 8x10, kuma suna buƙatar aƙalla mililita 100 na ID-11 tsantsa a cikin ruwan, wato mililita 400 bayan sirki. In aka yi rowa, maganin zai ƙare kafin lokaci ya cika, sai mutum ya yi ta zargin agogo.

Ban ga dalilin da zai sa mai hoto a Garwa ko Njamena ya riƙa kokawa da digiri 20 ba. Teburan Kodak kansu suna ba da lokuta har digiri 24. Ka zaɓi 24 ya zama na gidanka, ka gwada duk lokutanka a kai. Ruwan da ya kwana a randa a lokacin rani zafinsa yana saukowa sosai saboda busasshiyar iska, ɗan guntun ƙanƙara a leda ya ƙarasa sauran, kuma asuba ta fi kowane lokaci dacewa da aikin. Abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne ta tsaya: faranti mai faɗi a ɗaki mai zafi yana hawa digiri biyu ko uku kafin ka gama, yatsunka ma suna ƙara masa. Sai a zaunar da shi cikin babban baho na ruwa mai sanyin da ake so, a auna a farko, a auna a ƙarshe. Sauran ruwayen, na tsayar da wankin da na kafe hoton da na ɗauraya, kada su yi nisa da na farko, domin jelatin da ya kumbura a zafi in ya faɗa ruwan sanyi kwatsam yana iya yamutsewa. Mutanen Ngaundere, da ke kan tudun Adamawa sama da mita dubu, sun fi mu sauƙi a wannan. Masu hoton da can ma sun san matsalar, har Kodak ta fitar da haɗi na musamman don ƙasashen zafi, DK-15, mai gishirin da ke hana jelatin kumbura. Fina-finan yanzu sun fi na da tauri, amma in ruwa ya doshi digiri 30 farce kaɗan ya isa ya yaga fuskar falle.

Yadda ake motsawa shi ma lokaci ne a ɓoye. Mai jujjuya fallaye a faranti, da mai tanki irin SP-445 da ke juyawa minti-minti, da mai gangar Jobo da ke gewayawa ba tsayawa, ba za su yi amfani da lamba ɗaya ba. Ka riƙe hanya guda, da yawan fallaye guda. Akwai masu son a zuba Rodinal 1+100 a bar shi awa ɗaya ba motsi, wai ya wanke kowane irin haske. A ɗakin da ruwa ke ɗumama cikin awar, a kan falle mai faɗin sama, abin da ya fi yawan fitowa shi ne zane-zanen da ke gangarowa daga wuraren haske. Ban ba kowa shawarar ya yi wa hoton da ba zai maimaitu ba haka.

To ta yaya mutum zai sami N ɗinsa? Ba sai da injin auna kauri ba. Ka sami bango sumul a inuwa, ka saita kyamara kamar mai hangen nesa don zuga-zugin kada ya ci haske, ka auna. Falle ɗaya ka rage masa hawa huɗu daga abin da ma'auni ya ce, shi ne hawa na 1. Wani ka ƙara masa uku, shi ne hawa na 8. Na uku kada ka ba shi haske ko kaɗan. Ka wanke su tare a lokacin da lissafi ya ba ka. A ɗakin duhu ka nemo mafi ƙarancin hasken da ke sa takardarka ta yi baƙi ƙirin ta cikin fallen da bai sha haske ba, ka buga sauran biyun da wannan hasken daidai. Na hawa 1 ya kamata ya ɗan fi baƙi ƙirin haske kaɗan. In bai bambanta ba, fim ɗin a hannunka bai kai saurin karɓar haske da aka rubuta a kwali ba, ka sauke 400 zuwa 320 ko 250 ka sake, wannan ba maganar lokaci ba ce. Na hawa 8 ya kamata ya fito da ɗan toka mai sauƙi, a bambanta shi da farin takarda. In ya fito fari fat, lokaci ya yi yawa. In ya yi duhu, ya yi kaɗan. Mai ma'aunin haske na ɗigo yana iya auna fallayen a kan haske ɗaya: na hawa 1 ya tare sulusin hawa fiye da fallen banza, wato wanda bai sha haske ba, na hawa 8 ya tare hawa huɗu da ɗan ɗori. Don N-1 sai a maimaita da fallen da aka ƙara wa hawa huɗu, a nemi lokacin da zai sa ya fito kamar na 8.

Lura cewa takarda ce alƙali a wannan gwaji. Dodon hoto ba a rataye shi a bango, ana yin sa ne don ya dace da abin da zai karɓe shi. Injin bugawa mai tattara haske da gilasai yana son dodo mai taushi, mai watsa haske da bugun ɗora-kai-tsaye suna son mai ɗan ƙarfi. Takardun Multigrade, da ke sauya ƙarfi daga 00 zuwa 5 da tacen launi, suna yafe kuskuren hawa ɗaya ko fiye, don haka ba a buƙatar kwana ana neman daƙiƙa. Wanda zai shigar da dodon kwamfuta ta sikana gara ya karkata ga gajeren wanki, domin farin da ya toshe ya fi wuyar ceto. Mai tsohon salon bugu na gishiri ko na filatinam da hasken rana kuma yana buƙatar dodo mai kauri ƙwarai, wanda takardar yau da kullum ba za ta iya ɗauka ba. In ka canza takarda, N ɗinka ya canza.

Tsadar fim ta sa wasu komawa ga fim ɗin hoton ƙashi na asibiti, wanda ake samu a 18x24 da makamantansa wurin masu sayar da kayan lafiya. Yana aiki, amma lokutan da ke sama ba nasa ba ne. Yawancinsa fuska biyu gare shi, yana saurin gogewa, tazararsa na buɗewa da wuri, yana son tsinkakken magani sosai, kuma da yake ba ya ganin ja yana ƙara wa fata duhu. Amfaninsa shi ne ana wanke shi ƙarƙashin jan fitila ana kallo. Nan tsohuwar dabarar Alfred Watkins ta ƙarshen ƙarni na 19 take da rana: a ƙirga daƙiƙoƙin da hoton ya ɗauka kafin ya fara bayyana, a ninka su da wata lamba da aka gwada wa maganin. In ruwan ya yi zafi hoton zai bayyana da wuri, jimillar ta ragu da kanta.

Sai fim ɗin da zafi ya dafa. Kwalin da ya yi bazara a shago ko a bayan mota yana tara wani hazo na kansa, saurinsa kuma ya ragu. Ƙara masa lokaci ƙara hazon ne. Abin da yake so shi ne ƙarin haske wurin ɗauka, rabin hawa zuwa hawa ɗaya, da wanki na daidai. Kafin ka ɗauki wani abu mai muhimmanci da sabon kwali, cire falle ɗaya ka wanke shi ba tare da ya ga haske ba, ka ɗora shi kusa da fallen banza na gwajinka na baya, ka gani ko sun yi daidai.